Sikana, SDR ko tsohon rediyon aiki: wanne ya dace da mai bibiyar 'yan sandan hanya a zangon 42 MHz?

Yawancin rundunonin 'yan sandan jihohi a Amurka sun riga sun kwashe kayansu daga zangon ƙasa na VHF, wanda ya kama daga 30 zuwa 50 MHz. Illinois ta koma kan STARCOM21, Indiana ta koma SAFE-T, Missouri ta gina MOSWIN, dukkansu tsare-tsaren dijital a zanguna na sama. Rundunar sintirin manyan hanyoyin Kalifoniya kuwa, wadda aka fi sani da CHP, aka kuma kafa ta a 1929, ta daɗe tana riƙe da nata gam. Tashoshinta suna zaune a 39, 42, 44 da 45 MHz, ana magana da FM na analog, kuma an raɗa musu sunayen launuka irin su Blue, Gold, Black da Silver. Yanayin ƙasar ne ya sa haka. Jiha ce mai faɗin kusan murabba'in kilomita 424,000, ga tsaunukan Sierra Nevada, ga hamadar Mojave, ga kwazazzabai da hanyoyi ke ratsawa. Sigina mai dogon taku ya fi iya lanƙwasawa ya bi bayan tudu, don haka hasumiya ɗaya a kan dutse takan wadatar da yankin da zai ci hasumiyoyi da yawa a 700 ko 800 MHz.

Wannan ne ya sa masu sha'awar sauraron rediyo suke zuba wa CHP kunne, daga mazauna jihar har waɗanda ke nesa suna jiran ranar da sama za ta jeho musu muryar. Tambayar da sabon shiga yake fara yi ita ce wace na'ura zai saya: sikana, wato rediyon da ke zagaya tashoshi da kansa yana tsayawa inda ake magana, ko SDR, wato rediyon da manhajar kwamfuta ke sarrafawa, ko tsohon rediyon aiki. A ganina tambayar ta zo da wuri. A wannan zango, abin da ke raba mai ji da marar ji shi ne eriya da kuma wurin da aka kafa ta. Kuɗin akwatin rediyon yana zuwa ne a baya. Amma tunda dole a sayi wani abu, bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya, bayan mun fahimci abin da ake son kamawa.

Kowace tashar CHP lamba biyu gare ta a ma'aunin MHz. Mai ɗakin sadarwa yana magana a kan lamba ɗaya, ta hasumiyar da ke kan dutse, da ƙarfi mai yawa. Jami'in da ke cikin mota yana amsa masa a kan wata lambar dabam, da eriyar da ke kan motarsa, wataƙila daga cikin kwari. A wasu yankunan ana sake watsa muryar motar ta hasumiya, sai ka ji ɓangarorin biyu a lamba guda. A wasu kuwa ba a yin haka, sai ka wuni kana jin rabin zance: tambaya babu amsa, umarni babu wanda ya ce ya ji. Bayan gyaran da rundunar ta yi wa tsarin rediyonta, lambobin hasumiya da yawa sun koma 39, 44 da 45 MHz, alhali na motoci sun tsaya a 42 MHz. Riƙe wannan a ranka, domin shi ne zai yanke hukunci idan muka zo kan SDR.

Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da kan ɓata wa mutum saiti. Dokar hukumar sadarwa ta FCC da ta tilasta matse faɗin tashoshi daga 1 ga Janairun 2013 ta shafi 150 zuwa 174 MHz da 421 zuwa 512 MHz ne, ba ta taɓa zangon ƙasa ba. Saboda haka a nan FM za ka zaɓa, ba NFM mai matsattsen faɗi ba, tazarar tashoshi kuma 20 kHz ce. Na biyu, kowace tasha tana ɗauke da wani siririn sauti a ƙarƙashin muryar, wanda ake kira CTCSS ko PL, mai lamba tsakanin 67.0 da 254.1 Hz. Da shi rediyon 'yan sanda ke tace muryoyin da ba nasu ba, da shi kuma mai bibiya ke gane ko wace hasumiya yake ji. Na'urar da ba ta iya nuna lambar wannan sauti ba ta dace da wannan aiki ba, komai kyanta.

Yanzu ga eriya. Wanda ya tashi yana jin Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki tun 1957, ya san mita 16, mita 19 da mita 25 na gajeren zango. To 42 MHz kusan mita 7 ne a wannan lissafi. Eriya mai kama shi sosai tana bukatar rubu'in wannan tsayi, wato kimanin mita 1.7. Ɗan baƙin robar da ke zuwa a kwali tare da sikana bai wuce taki ɗaya ba. A 460 MHz, inda rubu'in tsayin yake wajen santimita 16, yana aiki lafiya. A 42 MHz kuwa, sayen sikana mai tsada a bar masa wannan roba daidai yake da sayen guga mai kyau a ɗaura masa gajeriyar igiya a rijiya mai zurfi. Mutane da yawa sun yanke wa na'urarsu hukuncin kurumta alhali laifin igiyar ne.

Eriyar da ta fi kowace sauƙi a gida ana haɗa ta da hannu. Ka samu mahaɗin SO-239 mai murabba'in faranti da ramuka huɗu a kusurwoyinsa. Ka liƙa sandar tagulla ko waya mai kauri mai tsayin mita 1.7 a tsakiyarsa ta miƙe sama. A ramukan huɗu ka ɗaura wayoyi masu kusan tsayi ɗaya da ita, ka lanƙwasa su ƙasa kamar kusurwa 45. Ka toshe wurin haɗin da abin hana ruwa, ka ɗaga ta sama da rufin gida, nesa da wayoyin lantarki. Dole ta tsaya a tsaye, domin siginar motoci da hasumiyoyi a tsaye yake tafiya. Idan ka kwantar da ita za ka yi asarar kaso mai yawa. Wani daɗin wannan zango shi ne kebul ba ya shan sigina sosai kamar yadda yake yi a 800 MHz, don haka RG-58 mai araha ma ya wadatar in tazarar ba ta yi yawa ba. Eriyar discone irin Diamond D130J tana kamawa daga 25 zuwa 1300 MHz, kuma tana da amfani ga wanda ke son jin jiragen sama da sauran zanguna da eriya guda. Amma a 42 MHz 'yar sandar da ke samanta ce kawai ke aiki, kuma ba ta kai wadda aka yanka musamman don zangon ba. A mota, ana samun eriyoyin NMO na 40 zuwa 50 MHz masu naɗin waya a gindi, wasu kuma kan sayi doguwar bulalar ƙarfe ta rediyon CB, mai inci 102, su rage mata tsayi. Eriyar 'yan ham, wato masu rediyon sha'awa da ke da lasin watsawa, ta mita 6 ma tana taɓukawa, duk da an yanka ta ne don 50 MHz.

Idan eriya ta samu, na'urar da na fi ba sabon shiga shawara a kanta ita ce sikanan hannu na analog, kuma misalin da kowa ya sani shi ne Uniden BC125AT. Yana kama 25 zuwa 54 MHz, da zangon jiragen sama, da VHF na sama, da UHF har 512 MHz. Yana da gurbin tasha 500 a rukuni goma, ana rubuta wa kowace tasha suna, yana laluben CTCSS ya nuna maka lambarsa, yana aiki da batir AA guda biyu, bakin eriyarsa kuma BNC ne, wanda ake murɗewa a sa wata cikin daƙiƙa. Kuɗinsa dala ɗari da 'yan kai. Ga mai son jin yankinsa da yankunan da ke maƙwabtaka da shi, babu abin da ya rage masa. Rauninsa biyu ne. Ba ya naɗar murya da kansa, kuma kamar kowane sikana, kunne ɗaya gare shi: yayin da ya tsaya a kan mai ɗakin sadarwa, ba ya jin abin da ke faruwa a lambar mota. Dabarar ita ce ka sa lambobin biyu kusa da juna a rukuni ɗaya, ka rage yawan tashoshin da yake zagayawa, ka kuma mayar da jinkirin da yake yi bayan an gama magana zuwa sifili. In ka bar shi a daƙiƙa biyu yadda ya zo daga kamfani, zai tsaya yana jiran amsa a inda amsar ba za ta zo ba, kafin ya motsa jami'in ya gama magana.

A nan ya kamata in ja kunne kan wani kuskuren saye da ya zama ruwan dare. Ƙaramin oba-oba na Baofeng UV-5R, wanda ya cika kasuwa saboda arha, yana kama 136 zuwa 174 MHz da 400 zuwa 520 MHz ne. Ba ya sauka 42 MHz ko kusa. Duk wanda ya ce maka zai yi wannan aiki bai duba takardarsa ba.

Sama da na hannu akwai na tebur da mota, irin Uniden BCT15X. Shi ma analog ne, amma yana ɗaukar tashoshi har 9,000, lasifikarsa ta fi ƙarfi, yana shan wuta kai tsaye daga mota, kuma ana haɗa shi da GPS ya riƙa buɗe tashoshin yankin da ka shiga yana rufe na wanda ka bari. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga direba. CHP ta raba jihar zuwa manyan shiyyoyi takwas, kowace da ofisoshin yanki da yawa, kuma wanda ya taso daga Los Angeles ya bi babbar hanyar I-5 ya haura Grapevine ya gangara kwarin tsakiya har Sacramento zai ratsa tashoshi masu launuka dabam-dabam. Ba wanda zai riƙa latse-latsen maɓalli yana tuƙi. Direban tirela, ko mai yawan bin I-80 ta mashigar Donner lokacin dusar ƙanƙara, inda ake tsayar da motoci a tilasta ɗaura sarƙa a taya, wannan ne nasa. Wanda zai zauna a ɗaki yana jin ofishi ɗaya ko biyu kuwa, ƙarin kuɗin ba zai ƙara masa ji ba.

Sai manyan dijital, Uniden SDS100 na hannu da SDS200 na tebur, waɗanda kuɗinsu ya haura dala 600. Mai shago zai nuna maka su da farko, kuma gaskiya na'urori ne na ƙwarai a fagensu. An ƙera SDS100, wanda ya fito a 2018, don magance matsalar tsarin dijital na P25 inda hasumiyoyi da yawa ke watsa abu ɗaya a lamba ɗaya a lokaci guda, muryar ta riƙa kakkaryewa a tsofaffin sikanoni. Wannan cuta ce ta dijital, galibi a 700 da 800 MHz. FM na analog a 42 MHz bai san ta ba. Duk abin da ka biya na wannan fasaha yana kwance ba aiki yayin da kake jin tashar Gold ko Blue, kuma masu sauraro da yawa sun fi yaba wa tsofaffin na'urorin analog a zangon ƙasa. Abin da suke da shi da ya shafe mu shi ne naɗar murya a katin ajiya, da kundin tashoshin Amurka da Kanada da ke cikinsu, wanda za ka sa lambar unguwarka ya zaɓo maka na kusa.

To yaushe ne sayensu ya zama daidai? Idan ana so a ji har da 'yan kwana-kwana da 'yan sandan gari da ke kan P25 ba a kulle ba. Sannan akwai batun gobe. Kalifoniya tana gina tsarin dijital na jiha baki ɗaya a 700 MHz mai suna CRIS, kuma kafin ka kashe kuɗi ya kamata ka duba kundin tashoshi na shafin RadioReference ka ga halin da yankinka yake ciki a yau. Sai dai ka sani, dijital dabam, kulle magana dabam. Sikana mai tsada yana fassara P25, amma babu sikanan da ke buɗe maganar da aka kulle, doka ma ta hana gwadawa. A Oktoban 2020 ma'aikatar shari'a ta jihar ta umarci rundunoni su kare bayanan mutane da ake faɗa ta rediyo. Rundunonin garuruwa da yawa suka kulle komai. A lokacin CHP ta bi wata hanyar, ta bar rediyon a buɗe ta taƙaita irin bayanan da ake karantawa a iska. Na yaba da wannan zaɓi, domin direban da ya ji an ce akwai haɗari a gabansa ya rage gudu, ai ribar kowa ce. Amma darasin saye a nan shi ne, wanda ya ba da dala 600 don tsoron gobe zai iya wayar gari ya tarar goben a kulle take.

Ga wanda burinsa ya wuce ji, yana son farauta, ya gano wace lamba ce ke aiki, da wane sauti, a wane lokaci, SDR ne abokin tafiyarsa. Ɗan ƙarfe ne kamar filashi da ake soka wa kwamfuta, manhaja irin SDR#, SDR++ ko GQRX ta yi sauran aikin. Bambancinsa da sikana shi ne yana ba ka ido. Allon yakan zama shuɗi mai duhu yana gangarowa a hankali, lambobi jere a sama. Mai ɗakin sadarwa ya danna makirfo, sai wani ziri mai haske ya fito a daidai lambarsa, yana kauri yana sirancewa da muryar, ya yanke. Bayan ɗan lokaci wani siriri, dusu-dusu, ya bayyana can gefe a 42 da 'yan kai. Motar ce ke amsawa. Sikana da ya wuce ta ba tare da ya tsaya ba saboda rauninta, amma idonka ya gan ta, ka kai alamar kanta ka ji. Haka ake gano tashoshin da ba a rubuta ba, haka kuma ake gane cewa an canza wa wani ofishi lamba.

Mafi arha shi ne RTL-SDR Blog V3 ko V4, ƙasa da dala 50. Yana kama wannan zango ba matsala, amma tagarsa ba ta wuce kimanin 2.4 MHz a lokaci guda ba. A nan maganar da na ce ka riƙe take dawowa. Idan hasumiya tana 39 da 'yan kai, mota tana 42 da 'yan kai, tazarar ta kai 3 MHz, ta fi ƙarfin tagar. Haka in hasumiyar tana can saman 45. Ko dai ka sayi biyu, ɗaya na kallon motoci ɗaya na kallon hasumiya, ko ka hau mataki na gaba. Airspy R2 da SDRplay RSP1A ko RSP1B suna buɗe taga har wajen 10 MHz. Daga 39 zuwa 46 MHz kuwa 7 ne kacal, wato duk gidan CHP yana shiga allo ɗaya, kana iya buɗe tashoshi da yawa a lokaci guda kana naɗar kowace dabam. Ga mai bibiya na gaske, wannan dalili kaɗai ya isa ya ƙara kuɗin, kuma har yanzu bai kai sulusin kuɗin SDS100 ba.

SDR yana da nasa ciwon. RTL-SDR mai lissafin bit 8 ne, kuma tashar FM mai ƙarfi a 88 zuwa 108 MHz tana iya cika masa kunne har ta haifar da siginonin bogi a inda babu komai. Maganin shi ne ɗan matacin da ke danne zangon FM, da kuma rage saitin ƙara wa sigina ƙarfi (gain) maimakon ƙure shi. Airspy mai bit 12 da SDRplay mai bit 14 sun fi jure wannan. Kwamfutar da kanta ma tana fitar da hayaniya, musamman cajarta, don haka a nisanta eriya da ita, a sa zoben ferrite a kebul. Kuma ba abin sawa a aljihu ba ne, ba abin dubawa ana tuƙi ba ne. Wanda ba ya jin daɗin zama gaban allo yana gyara saiti zai gaji da shi cikin mako guda.

Akwai masu cewa duk waɗannan wasa ne, a nemi tsohon rediyon aiki da aka cire daga motocin hukuma, irin Motorola MaxTrac ko Kenwood TK-690. Suna da hujja: an ƙera su don yanki ɗaya kawai, matatansu na gaba matsattsu ne, ba sa jin hayaniyar gefe, muryarsu kuma garau. Amma ban ba sabon shiga shawarar su ba. Ana bukatar kebul da tsohuwar manhaja kafin a sa musu lamba. MaxTrac yana zuwa ne a rabe, 29.7 zuwa 36, 36 zuwa 42, da 42 zuwa 50 MHz, kuma layin rabon ya faɗo a tsakiyar tashoshin da ake nema. Mafi girma, rediyo ne mai iya watsawa. Danna makirfo sau ɗaya a kan tashar 'yan sanda laifi ne babba, kuma yana iya toshe muryar jami'in da ke neman agaji. Wanda ya dage sai ya yi amfani da shi, ya rufe watsawa a saitin kowace tasha, ya cire makirfon ya ajiye.

Wanda ke Kano, Zinder ko Kumasi fa? Tsakanin Kano da Los Angeles ya haura kilomita 12,000. Kada ka kashe ko sisi da fatan jin CHP kai tsaye daga can. Hanyarka ita ce intanet, inda masu sa kai ke haɗa sikanoninsu da shafin Broadcastify kowa ya saurara a waya. Kalifoniya tana bayan Najeriya da Nijar da awa 8 a bazararsu, awa 9 a hunturunsu, don haka cunkoson safiyarsu yana faɗowa da yammacinmu. Za ka ji abin da mai na'urar ya zaɓa ne kawai, da ɗan jinkiri, ba ka ganin lamba ko sauti. Amma don koyon kunne babu kamarsa, har ga wanda ke Amurka kafin ya sayi komai. A nan za ka saba da lambobin maganarsu: 11-79 haɗari ne an tura motar asibiti, 11-80 haɗari mai munanan raunuka, 11-82 ɓarnar dukiya kawai, 11-85 a turo motar janwe, 10-97 na iso wurin, 23152 tuƙi cikin maye, 11-99 kuwa jami'i na cikin haɗari yana neman agajin gaggawa. CHP tana da shafin da take wallafa abubuwan da ke faruwa a hanyoyi kai tsaye, kuma buɗe shi a gefe yana taimaka wa mutum ya daidaita abin da ya ji da inda ya faru.

Masu farautar nesa su ne suka fi kowa ƙaunar wannan zango. Daga Mayu zuwa Agusta, musamman Yuni da Yuli, wasu gizagizai masu caji sukan taru a sashen E na sararin sama ba zato, su mayar da siginar 42 MHz ƙasa a nisan da ya kai kilomita 2,300 a tsalle ɗaya. A shekarun da rana ta yi zafin aiki a zagayenta na shekara 11, sashen F2 da ke can sama yana yin haka da tsalle mai kai kilomita 4,000, galibi da rana, daga kaka zuwa hunturu. Zagaye na 25 ya fara a Disambar 2019, kuma a Oktoban 2024 hukumomin NASA da NOAA suka sanar cewa ya kai ƙololuwa. A irin waɗannan ranaku mai sauraro a wata jiha mai nisa yakan ji muryar Kalifoniya tamkar a bayan gida, ta yi minti kaɗan ko awa guda ta ɓace, masu saurare a Birtaniya ma sukan kama tashoshin Amurka na zangon ƙasa. Buɗewar ba ta sallama, shi ya sa na'urar da ke naɗa ba dare ba rana take gaba da wadda sai kana zaune. Abin da ake rubutawa shi ne lamba, sautin CTCSS, lokaci a agogon duniya na UTC, da sunan hanya ko gari da aka ambata. Kuma a bar tashar a buɗe ba tare da an ɗaure ta da sauti ɗaya ba, in ba haka ba na'urar za ta tace baƙon da ake jira.

Batun doka kuma kada a ɗauke shi da wasa. A Amurka dokar tarayya ta 1986 ta halatta jin rediyon jami'an tsaro da ba a kulle ba, amma jihohi irin New York, Florida, Indiana, Kentucky da Minnesota sun taƙaita sa sikana a mota, wasunsu da sassauci ga mai lasin ham. Sashe na 636.5 na kundin laifuffukan Kalifoniya ya haramta amfani da abin da aka ji don taimaka wa aikata laifi ko guje wa kamu. A Birtaniya dokar 2006 ta hana sauraron saƙon da ba a ba ka izini ba. Wanda zai ɗauki irin wannan na'ura zuwa ƙasashenmu, inda shingayen bincike suka yi yawa saboda halin tsaro, ya tambayi hukumar sadarwar ƙasarsa tukuna.

Kafin ka ba da kuɗi a kan kowace daga cikinsu, akwai gwajin da ya kamata ka yi, domin zangon ƙasa ya fi na sama jin hayaniyar lantarki nesa ba kusa ba. Ari rediyo mai batir da ke kama wannan zango, ka sa shi a lambar da ba kowa, ka buɗe shi har ka ji shuuu, in yana da AM ka sa shi a AM. Sai ka kashe babban makunnin wutar gidan gaba ɗaya, har da inbata. Idan ƙarar ta faɗi, ɓarawon yana cikin gidanka. Ka riƙa kunna layukan ɗaya bayan ɗaya har ka kama shi, kuma galibi ƙwan LED ne mai arha, ko cajar waya, ko inbatar sola. Wannan ana canza shi da kuɗi kaɗan. Idan kuwa ƙarar ba ta motsa ba, daga waje take, wataƙila daga turken wuta ko gidan maƙwabci, kuma babbar eriya a rufin nan za ta ƙara jawo ta ne. Mai irin wannan gida ya bar maganar SDR da na tebur, ya sayi na hannu da eriyar maganaɗisu ta kan mota, ya riƙa fita bayan gari yana hawa tudu.